Loma Biyu daga Hannun Ato Gebeyehu

Shekara goma sha tara Fikirte ta yi tana hidima a gidan abincin Habasha na Abaynesh da ke Silver Spring a Amurka, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa kiran motar asibiti don wanda ya ci abinci a teburinta ba. Ba ta jira a yabe ta, da bakinta take faɗa. Ba ta riƙe takarda balle biro, amma ta san wanda riɗi ke kumbura wa fuska, ta san wanda man shanu ke ɓata wa ciki, ta san mai azumin coci na Laraba da Juma'a na gaskiya da wanda ba ya yi sai in surukarsa na wurin. In baƙo ya ɗauko mata dogon bayani kan abin da jikinsa ba ya so, takan bar shi ya kai aya, sannan ta tambaye shi abu ɗaya da ya manta bai faɗa ba.

Saboda haka da Endale ya shigo ran Talata da hantsi, ya tsaya yana juya makullin mota a hannu kamar wanda ya zo biko, ta san da magana a bakinsa.

"Etiye Fikirte," ya ce, wato Yaya Fikirte, "ran Lahadi zan kawo su. Da shi da su, teburi ɗaya."

"Ababa ya yarda?"

"Cewa ya yi zai zo cin abincinsa kamar kullum. In ya tarar da mutane a teburinsa, ba zai kori kowa ba."

"To ai ya yarda ke nan. Zauna mana, ka tsaya mini a ka."

Ba Bahabashen da bai san labarin ba a garin nan. Endale ɗa ne ga Ato Gebeyehu, tsohon malamin makaranta a Debre Markos ta lardin Gojjam a Habasha, wanda ya zo Amurka ya ƙare a tuƙin tasi. Endale ya auri Loreta, ma'aikaciyar jinya 'yar Baltimore, suka haifi Mahlet. Yarinyar jikinta ba ya karɓar alkama ko kaɗan, ɗan ɓarɓashi ya isa ya toshe mata maƙogwaro. Shekara uku da suka wuce, ranar bikin Ista, gida cike da baƙi, tsohon ya naɗe gursha, lomar nan da mutum ke sa wa wanda yake ƙauna a baki da hannunsa, ya nufi bakin jikarsa. Injerar da ya naɗe lomar da ita, wainar nan ta Habasha mai faɗi kamar sinasir, ta kanti ce, rabinta alkama. Loreta ba ta tsaya neman kalma ba, ta doke hannun. Loma ta faɗi a kan farin mayafinsa, jar miya ta yi masa tambari a ƙirji, mutum arba'in suna kallo.

Abin da ya ce bai fi kalma uku ba: "Hannuna guba ne?" Daga ranar bai ƙara taka gidansu ba, bai ƙara ɗaga wayarsu ba.

Fikirte ta daɗe da yanke nata hukuncin. Uwa ta yi daidai, don ba a tsayawa gaisuwa in wuta ta kama zane. Tsoho ma ba a banza ya ji zafi ba, don a al'adar Habasha mai mayar da gursha ba abinci ya mayar ba, mutum ya mayar. Laifinsu ɗaya, su biyun kansu ya fi dutsen niƙa tauri, shi kuma Endale yana tsakiya yana ba kowa haƙuri har haƙurin ya daina tsada.

Washegari Loreta ta zo da kanta, da kayan aikinta a jiki. Ba ta nemi kujera ba, kicin ta nema.

"Ki yi mini uzuri," ta ce. "Ba raini ba ne. Sau biyu na riƙe 'yata tana neman numfashi, ba na son na uku."

"Ai da ba ki nemi gani ba da na raina ki," in ji Fikirte. "Shigo."

Ta nuna mata sabon kasko da ba a taɓa zuba masa ƙullu ba, da buhun tef zalla wanda ba a buɗe ba, hatsin Habasha mai kama da acca da bai haɗa komai da alkama ba, da garin barkonon da suka niƙa da kansu. Ta ce za a kwaɓa sabon ƙullu tun yau don ya yi tsami kafin Lahadi, ba za a ɗiga masa ruwan tsamin tsohon ƙullu ba, tun da wancan ya sha haɗuwa da alkama. Kowa a teburin wannan injerar zai ci, har tsohon, kuma ba mai gaya masa. Samosa ko ƙamshinta ba zai je wurin ba.

"In ya miƙa mata hannu fa?" Loreta ta tambaya.

"Zai miƙa, don shi ya sa zai zo. Ki bar shi ya miƙa. Duk abin da ke kan farantin nan ni na tsaya masa. Ƙwayar alkama ba za ta shiga bakin 'yarki a teburina ba, na ba ki magana."

Loreta ta ce allurar gaggawa dai tana cikin jakarta. Fikirte ta ce ta zo da ita, za ta koma da abarta yadda ta zo.

Rigimar da ta rage ta Abaynesh ce, mai gidan abincin, wadda ke tsaye a kan tukunya tun Fikirte ba ta san hanyar Amurka ba. Tana jin an ce sabon kasko ta ajiye muciya.

"Ni fa cututtukan ƙasar nan sun ishe ni. A gida Gondar wa kika taɓa ji ya mutu don ya ci alkama?"

"Sun mutu, Etiye. Cewa aka yi kambun baka ne."

"Ke dai bakinki ya fi hannunki aiki."

"Da hannun da bakin duk naki ne. Ki ba ni kusurwar can, kuma kada kowa ya taɓa mini ludayin nan mai jan zare."

Abaynesh ta yi ƙwafa, amma ran Asabar Fikirte ta kama ta tana leƙa ƙullun, tana shinshinawa, tana gyaɗa kai. Ran Lahadi da safe kuwa ita ta ture Fikirte gefe ta zuba da hannunta, wai ba za a ɓata tef mai kyau a gabanta ba. Injera ta fito da 'yan ramukanta reras kamar idanu, taushi kamar sabon mayafi.

Ƙarfe ɗaya na rana aka taso daga coci, gidan ya cika da fararen mayafai da hayaƙin turare da ƙamshin gahawa da ake soyawa. Ato Gebeyehu ya riga kowa isowa. Ya sa baƙar kwat ɗinsa ta zuwa biki, ya yafa mayafi a kai, ya zauna a teburinsa na jikin taga, ya fara neman abin da zai kushe.

"Wannan kujerar rawa take yi."

"Shekara goma tana rawa, Ababa, yau ka ji kiɗan?"

"Ba ki zo coci ba."

"Ina nan ina yi wa wani tsoho mai rigima hidima."

Ya buɗe baki zai rama, sai ƙofa ta buɗe. Endale a gaba, Loreta a baya riƙe da jaka, a tsakaninsu yarinya 'yar shekara shida da farar riga mai ado a wuya. Tsohon ya miƙe, ya gaisa da ɗansa kafaɗa da kafaɗa irin ta Habasha, ya ɗan sunkuyar wa surukarsa da kai kamar yadda ake yi wa ma'aikacin banki. Mahlet kuwa an koya mata a mota. Ta matso ta durƙusa za ta sumbaci gwiwarsa, ta gaishe shi da Amharancin da ya karye gida uku. Ya yi sauri ya ɗago ta, ya riƙe fuskarta da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba. Da ya zauna sai ya ce wa Fikirte turaren nan ya yi yawa, yana shiga wa mutane ido.

Ta kawo buta da tasa da sabulu, ta fara da babba, ta zuba wa kowa ya wanke hannu. Sannan ta ɗauko babban faranti, ta ɗage faifan da ta rufe shi da shi. Ga miyar kaza da ƙwai a tsakiya, ga naman rago, ga ganye, ga wake ja da rawaya, ga cuku fari a gefe. Tsohon ya yi addu'a, ya gutsuri injera ya kai baki, sai ya dakata.

"Wannan daga ina?"

"Daga kicin."

"Rabona da irin wannan tun Gojjam. Ashe kun iya, shekara da shekaru kuna ba mu katifa?"

Endale ya yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta. Loreta ma ta ɗan murmusa, ta sauke jakar daga cinyarta ta rataye a kujera. Fikirte ta ji daɗi har cikin ranta, irin daɗin wanda ya gama shinge ya zagaya bai ga kafa ba. Ta juya ta nufi wani teburin da ke kiranta.

Taku huɗu ta yi. Me ya sa ta waiwaya, ita ma ba ta sani ba. Ato Gebeyehu ya sa hannu a aljihun kwat, ya fito da wani abu a naɗe cikin farar takarda, yana warwarewa a hankali. Gutsuren burodi ne mai kauri, mai duhun ɓawo, irin wanda ake gasawa a ganye.

Nan take ta tuna kwanan wata. Yau ranar Mala'ika Jibra'ilu ce, ranar da ake kai babban burodi coci, limami ya sa masa albarka, a yayyanka a raba wa jama'a. Ta bincike kasko, ta bincike barkono, ta ɗaura wa ludayi zare, amma ta manta da aljihun tsoho. Ita da ta ci wannan burodin tun ba ta da haƙora! Haushin kanta ya kama ta, sai dai ba lokacinsa ba ne.

"Tun safe nake ajiye da shi," tsohon yana cewa. "Nawa kason ne, ban taɓa ba. Na yi alkawari abin da zai fara shiga bakinta daga hannuna shi ne wannan."

"Ababa," in ji Endale a hankali, "alkama ce."

"Wace alkama? Wannan ba burodi ba ne, albarka ce. Abin da aka karanta wa sunan Jibra'ilu ne zai cuci yarinya?"

Ya ɓalli rabi. Mahlet, da aka kwana ana koya mata kada ta ƙi hannun kakanta, ta dubi uwarta, ta dubi burodin, ta fara buɗe baki. Hannun Loreta ya riga ya bar teburi. Wannan hannun dai, wannan tsohon dai, ga kuma rabin cocin suna zaune suna kallo ta wutsiyar ido. In ya sauka a wannan karon, ba shekara uku ba, sai dai a haɗu a makabarta.

Fikirte ta isa kafin ya sauka. Ta kifa faifai a kan farantin don kada ɓarɓashi ya faɗa, ta ratsa tsakanin tsoho da jika kamar mai neman wucewa, ta durƙusa a gefen kujerarsa.

"Ababa, ni fa yau sai an yi mini shari'a."

"Ke kuma mene ne? Matsa."

"Ba inda zan matsa. Shekara goma sha tara ina kawo maka abinci, ina jin ƙorafinka, ina ɓoye maka gishiri don hawan jininka. Ka taɓa ba ni gursha ko sau ɗaya? Yau saboda teburinka ban je coci ba, ban sami rabona na Jibra'ilu ba. Wannan yarinyar tana da shekara saba'in a gabanta. Ni da na kusa gangarawa za ka tsallake?"

Ta faɗa da ƙarfi yadda teburan kusa za su ji, sannan ta buɗe baki ta tsaya. Wata tsohuwa a teburin baya ta ce, "Gaskiyarta, Gebeyehu, ba ta." Aka yi dariya. Bakin da aka buɗe wa dattijo a gaban jama'a ba ya komawa haka nan, shi ma ya sani. Ya harare ta, ya tura mata rabin burodin a baki.

Burodin ya bushe, ya kwana a aljihu rabin yini, ya tsaya mata a wuya. Ta tauna, ta haɗiye da ƙyar, ba ta tashi ba.

"Saura ɗaya. Loma ɗaya tana haɗa faɗa, sai an cika ta biyu, kai ka koya mana."

Tsohon ya dubi ragowar da ke hannunsa. Ya dubi faifan da aka kifa a kan faranti. Ya dubi surukarsa, wadda hannunta ɗaya ke kan kafaɗar yarinya, ɗayan kuma cikin jaka. Malamin makaranta ne, ba a yi masa wayo a aji. Dariyar ta bar fuskarsa, Fikirte ta ga sarai ya gane, kuma ba ta kau da ido ba. In zai tashi ya fita, yanzu ne.

Ya sa mata ragowar a baki.

Ta naɗe takardar da ɓarɓashinta ta cusa a aljihunta, ta goge gabansa da jiƙaƙƙen tsumma, ta je ta wanke nata hannun har gwiwa, ta dawo da buta da tasa. Ta sunkuya tana zuba masa ruwa, sai ya yi magana ƙasa ƙasa yadda ita kaɗai za ta ji.

"Da ta ci fa?"

"Da yanzu uwarta ta soka mata allura a cinya, muna jiran motar asibiti. Maƙogwaronta rufewa yake yi, Ababa. Ba ya ɗaukar minti goma."

"Har na Jibra'ilu?"

"Jibra'ilun ne ya sa na waiwayo."

Ya dubi ruwan da ke zuba a kan yatsunsa.

"Ba wanda ya gaya mini haka."

"An gaya maka. Kana fushi ne, ba ka ji ba."

Da wani ne ya faɗa masa wannan, da an ji su a titi. Amma bakin da ya ci loma biyu daga hannunka ya sami izinin magana. Tsohon ya ce ta ƙaro sabulu. Ya cuɗa tafin hannu, ya cuɗa baya, ya bi tsakanin yatsu, ya ƙwaƙule ƙarƙashin farce ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙe ya tuɓe kwat ɗin mai aljihu ya ba Fikirte, ya ce ta kai can nesa. Ya sake wanke hannun, ya gyara mayafinsa.

Sannan ya juya wajen Loreta. Mutumin da ya shekara ashirin yana jera yara a filin makaranta yana duba musu farce, shi ne ya miƙa hannuwansa biyu a kan teburi, ya nuna ciki, ya juya baya.

"Duba, 'yata," ya ce da Turancinsa na tasi. "Ke ce ma'aikaciyar asibiti."

Fikirte ta zaci Loreta za ta ce haba ba komai, irin ta masu kunya. Ina, Loreta ba ta san wannan ba. Ta kama hannun da gaske, ta juya shi, ta duba farcen, ta duba bakin hannun rigarsa. Ta ɗan jima riƙe da shi bayan ta gama dubawa.

"Ya yi, Ababa."

Fikirte ta ɗage faifai. Tsohon ya yagi injera, ya ɗan taɓa miyar kaza, ya haɗa da cuku don ya kashe yajin, ya naɗe 'yar loma daidai bakin yarinya. Mahlet ta karɓa, ta tauna, duk teburin suna kallon wuyanta.

"Da yaji," ta ce. "Ƙara mini."

Ya ƙara mata. Endale ya juya fuska wajen taga, shi ma turaren ya shiga masa ido. Tsohon kuwa bai tsaya ba. Ya yagi injera mai faɗin tafin hannu, ya tara nama da ƙwai da ganye, ya naɗe loma irin wadda ake auna ƙauna da girmanta, ya nufi surukarsa da ita. Loreta ta zaro ido, ta buɗe baki iya ƙarfinta, kumatunta suka cika, hawaye na zubo mata, ba mai iya cewa na barkono ne ko na wani abu.

Fikirte ta ɗauki butarta za ta tafi, don teburi uku na jiranta, kuma Abaynesh na leƙowa daga kicin tana tambaya da ido. Sai ta ga Loreta ta sa hannu a faranti. Ba ta iya naɗi ba, shekara takwas da aure ba ta koya ba. Lomar ta fito a karkace, tana ɓarewa tun a hanya, kafin ta kai jar miya ta ɗiga a kan farin mayafin tsohon, daidai ƙirji. Hannun Loreta ya tsaya cak a sama.

Ato Gebeyehu bai ko kalli mayafin ba. Ya matso da kansa ya karɓi abin da ya rage a yatsunta, ya tauna a hankali, ya haɗiye.

"Saura ɗaya," ya ce, ya sake buɗe baki.